Baƙin Garin Zulfa

Litinin, 7 ga Afrilu

Zulfa ta dawo daga Zariya da digiri na biyu da wata kwalba cike da baƙin gari. Shekara takwas ƙanwata tana karatun roba, abin da ta kawo gida ke nan. Sunansa wai garafin. Wai da baƙin da ke cikin fensir ake yin shi: a jiƙa a asid ya ɓare falle-falle, ya sha iskar oksijin, sannan a dawo a rage masa iskar. A sa a cire, shi ne ilimin. Wai in an barbaɗa kaɗan a narkakkiyar roba sai ta yi ƙarfi.

Ni da na shekara ashirin a nan Magama, bakin iyaka, ina narka tsofaffin jarkoki ina fid da bokiti, ni za a faɗa wa roba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ta shigo masana'anta da farar riga da safar hannu. Ɗantala, da ke kan inji tun zamanin Baba, har da miƙewa tsaye. Tsoho da furfurarsa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Alhaji Badamasi ya ƙetaro daga Maraɗi. Rabin kayanmu shi ke ɗauka. Ya sauko da bokiti goma sha biyu daga mota, duk sun tsage a gindi, ya jera mini a ƙofa mutane na kallo.

“Ya'u, wanga kaya bai jimirin rana. Mata sun bar saye. Wata guda na ba ka, in bai gyaru ba Kano zan tahi.”

Kamar ni na halicci rana. Robar da aka narka sau uku me ake so ta yi? Zulfa na bayan labule tana ji. Da ya tafi ta ce, “Yaya, ka ba ni inji kwana ɗaya.” Na ce injin Baba ba wurin wasan yara ba ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta kai ƙarata wurin Inna. Inna ta ce Zulfa ma ubanta ne ya bar injin. An ba ta injin gobe.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Alhamdu lillahi. Bokitin malama ya fito da ƙuraje kamar mai ƙyanda. Na ɗora ƙafa ɗaya, ban ko danna ba, ya dare gida biyu. Nawa ma ya fi shi. Ɗantala ya sunkuyar da kai.

Wai garin ne ya dunƙule wuri ɗaya, kuma ta sa da yawa. Wai sai fallayen sun bazu ko'ina suke riƙe roba, in sun cure nan ne tsaga ke farawa. Na ce ko mai koko ta san a dama gari kafin a zuba, ba ta je Zariya ba.

Ta tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a leda, ta rubuta kwanan wata a jiki. Wa ke ajiye shara?

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kwana shida tana tsugune a bayan masana'anta da tsohon injin markaɗen Inna da wani ɗan sikeli irin na masu gwal. Tana dama garin a ruwan magani, ta cuɗa da niƙaƙƙiyar roba, ta shanya. Farar rigar ta koma ta mai gawayi. Jiya ta ƙone a hannu, ba ta faɗa wa kowa ba, Ɗantala ya gaya mini.

Taurin kai dai irin na Baba.

Talata, 29 ga Afrilu

Na sake ba ta inji don Inna ta bar ni in sha iska. Wannan karon abin da ta sa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Na yi dariya. Gishirin miya ya fi shi yawa.

Bokitan sun fito baƙaƙe, sumul. Ta jera huɗu nata da huɗu nawa a kan kwanon rufi, cikin rana. Wai gwaji. Direbobin da ke layin shingen iyaka suna ta nuna mu da baki.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na je wurin wani a Katsina jin farashin sabuwar roba. In da ita zan yi aiki, bokitina ya fi ƙarfin matan Maraɗi. In Alhaji ya tafi, mutum bakwai zan sallama, har da Ɗantala. Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Alhaji ya zo. Kafin in buɗe baki Zulfa ta sa an sauko da su takwas ɗin, an cika su da yashi, an saki daga kan katanga. Nawa uku sun fashe. Nata ɗaya kunnensa ya tsage, saura ko gezau.

Alhaji ya hau kan ɗaya da dukan nauyinsa, ya yi tsalle kamar ba dattijo ba. Ya dube ni.

“Wa ya yi wanga?”

Na ce masana'antarmu. Zulfa ta kalli ƙasa.

Kwana goma sha biyu a rana ba shekara ba ne. Ita ma da bakinta ta faɗa masa haka, wai a jira damina ta wuce kafin a yi murna, kuma kada a sa abinci a ciki sai an gwada. Ana ciniki tana rage wa kayanta daraja. Amma ya fasa zancen Kano.

Laraba, 14 ga Mayu

Wani kamfani a Legas ya kira Zulfa aiki. Inna ce ta faɗa mini, tana kallon fuskata. Na ce Allah ya kiyaye hanya, dama tare mana wuri take yi.

Bayan la'asar na kwashe tarkacen da ke ɗakin Baba na masana'anta, wanda ban bari kowa ya shiga ba tun rasuwarsa. Na sa kafinta ya kafa tebur, na ja wuta, na sauya kwaɗo. Dama ɗakin na bukatar shara.

Makullin na ba Inna. Na ce in Zulfa ta tambaya, a ce Ɗantala ne ya matsa.