Tarin Baba na Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma aikin asibiti yana barin ki ki runtsa. Mu nan lafiya lau. Kasuwa ce dai ta yi sanyi, mutane sun koma su gwada takalmi ƙafa biyu, su yaba, su tafi da nasu na da.

To, ki kwantar da hankalinki: ƙirjin Baba lafiya yake. Na kai shi wurin likitan da kika ce, an ɗauki hoto, an saurari gaba an saurari baya, likita ya ce huhun tsohon nan ya fi nasa kyau. Na fito ina gode wa Allah har na manta jakata a kan benci. Kin san tun rasuwar Mama ko atishawa wani ya yi a gidan nan sai gabana ya faɗi.

Amma kin san ƙanwarki, ba a sayar mini da kaya a cikin leda. A hanya na fara lissafi: tarin nan, yaushe yake zuwa? Ba ya tari a shagonsa na kafinta, inda ƙurar katako ta isa ta shaƙe mutum. Ba ya tari a gida. A coci kaɗai yake yi. Lahadin da ta wuce sai na bar wurin zamana na baya, na dawo kusa da shi na kasa kunne. Aka yi waƙa, muryarsa garau, har yana jan ta fiye da mawaƙa. Aka yi addu'a, babu tari. Aka miƙe faɗin shaidar bangaskiya, yana bin kowane layi da ƙarfi kamar shi ya tsara ta. Sai da aka zo ƙarshe, inda ake cewa matattu za su tashi kuma akwai rai na har abada, sai ga tari ya sarƙe shi. Ana cewa amin, tari ya warke.

Yaya, na san tarin nan. Shi ne wanda mai saye yake yi idan ya ji farashi kuma ba ya son a gane aljihunsa: kai a sunkuye, hannu a baki, ido kuwa a bushe.

Ban ce masa komai ba tukuna. Abin da ya dame ni shi ne baftismar 'yar ƙanenmu Auta ta matso, takwarar Mama, kuma Auta da matarsa sun roƙi Baba ya tsaya mata. Kin san yadda ake yi, mai tsayawa gaba yake fita, yana fuskantar jama'a, kowa na kallon bakinsa. A can babu bayan da zai ɓuya.

Maganin tarin da kika aiko ya iso. Ni nake sha, yana da zaƙi. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Uwar Ciniki

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙafar maigidan, ta sauka? Yaya yara da makaranta? Na ga amsarki, na kuma ga inda kika ce in bi a hankali. Na bi a hankali iya yadda Allah ya yi ni.

Na kai masa abinci shago, na same shi yana goge wani katako. Na ajiye kwano, na sunkuyar da kai, na sa hannu a baki, na yi masa irin tarinsa. Ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun ina goye ya san ni ce zan tona masa asiri. Daga nan dariyar ta ƙare, ya zauna a kan wata kujera da bai gama ba.

Ya ce tun da aka binne Mama yake ƙoƙarin ganin ta a wani wuri. Ya rufe ido, ya nemo lambu, ya nemo haske, duk abin da aka koya mana muna yara, amma ba ya ganin komai sai akwatin da ya haɗa mata da hannunsa, wanda ya san tsawonsa da faɗinsa. Ya ce shi bai ce babu ba. Zuciyarsa ce dai ta kasa riƙe maganar, kamar ƙusa a ruɓaɓɓen katako. Kuma shi bai taɓa sayar da tebur mai cin gara ya ce lafiyayye ne ba, ba zai fara a gidan Allah ba.

Na tambaye shi ko ya bar addinin ke nan. Ya harare ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce addu'a bai fasa ba, Yesu kuma bai daina bi ba, don shi ba ɗan ƙwadago ba ne da ke jiran a biya shi da yamma. Ko yau aka kawo masa tabbaci cewa daga kabari babu gaba, zai tashi ranar Lahadi ya buɗe coci, zai yafe wa wanda ya cuce shi, zai je gaida marar lafiya, don bai san wata rayuwa da ta fi wannan kyau ba. Amma idan bangaskiya dunƙule take, ba a cire ko layi ɗaya, to shi zai mayar wa Fasto makullin coci ya zauna gida, Auta kuma ya nemi wani.

Yaya, makullin nan ya girme ni a hannunsa. Rabin bencinan cocin shi ya yi su. In Baba ya zauna gida ranar Lahadi, wallahi tarin gaskiya ne zai biyo baya.

Na yi masa gardama iya ƙarfina. Na ce ni kam idan babu wata rayuwa, an cuce ni. Duk macutan da na bar wa Allah a kasuwar nan, da wadda ta sa takalmi ta je biki ta dawo da shi ta ce ya matse ta, ai don na san akwai ranar haɗuwa ne na haƙura. Ya ce to ashe ni ba yafewa nake ba, ajiya nake. Na share wannan. Na ce kuma wa ke ɗora hularsa a wurin zaman Mama kowace Lahadi don kada kowa ya zauna, in ba mai jiran ta ba? Ya ce ba jira ba ne, ba zai iya ganin wata a wurin ba ne kawai. Na tura masa kwanon abincinsa na fito.

Amma na samo dabara. Ranar baftisma zan tsaya dab da jaririyar. Ana zuwa layin nan in ɗan mintsine ta a cinya, ta tsala ihu, babu mai jin wanda ya faɗa da wanda bai faɗa ba. Na gaya wa Auta, ya ce ba ni da imani. Kada ki ɓata takarda wajen yi mini wa'azi, shi ya riga ki.

Ki sa mu a addu'a, da gaske nake.

Ƙanwarki,
Uwar Ciniki

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da murna, da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Ki zauna kafin ki karanta, amma zaman daɗi.

Ganin Auta ya ƙi shirina, sai na tafi wurin Fasto in taya, ko za a rage mana wani abu. Na bi ta nesa, na ce wata ƙawata ce ke da uba mai wata 'yar matsala. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya tambaye ni ko uban ƙawar tawa kafinta ne mai tari. Ashe ya daɗe da sani! Ya ce daga inda yake tsayawa ana ganin komai, har da masu leƙen takalman mutane ana tsakiyar addu'a. Na ce ban san wa yake nufi ba. Ya ce yana jiran Baba ne ya zo da ƙafarsa, amma tun da maganar makulli ta shigo, shi zai je.

Ya je kuwa. Ni ma wani uzuri ya kai ni bayan ƙofar shagon, na daɗe ina ɗaure igiyar takalmi. Baba na yanka katako, Fasto na riƙe masa ɗaya gefen, suna ta yi. Kada ki ɗauka Fasto ya sauke farashi. Ya ce a wurinsa tashin matattu shi ne ginshiƙin ɗakin, in aka zare shi rufi zai rufta, kuma ba zai cire layin nan saboda kowa ba, ko da Baba ne. Baba ya ce shi dai yana cikin ɗakin, ginshiƙin ya ɓace masa, rufin kuma bai faɗo masa a kai ba tukuna. Fasto ya ce wataƙila don wasu na riƙe da shi ne. Suka yi ta ja, har na ji tsoro za a rabu dutse a hannun riga.

Sai Fasto ya tambaye shi ko jefar da maganar ya yi, ko kuwa ɓata ta yi masa. Baba ya ce ɓata ta yi. Ya sake tambayarsa ko yana so ta zama gaskiya. Yaya, zarto ya tsaya. Ban ji amsa ba, sai jan hanci, kuma wannan karon ba na wasa ba ne. Can Fasto ya ce wanda abu ya ɓace masa ba a korar sa daga gida, taya shi nema ake yi. Ya ƙi karɓar makulli. Sharaɗi ɗaya ya sa: a daina tari. Ya ce yin shiru a layin nan ba ƙarya ba ne, tarin ne ƙarya. Ya kuma tambaye shi ko zai kawo yarinyar coci, ya koya mata addu'a, ya koya mata shaidar duka har da layin da ya gagare shi. Baba ya ce zai yi, amma ranar da ta tambaye shi abin da ke ransa, gaskiya zai gaya mata. Fasto ya ce kafin ta iya tambaya suna da shekarun gardama a gaba. Da zai fita ya same ni a durƙushe, ya ce in gama ɗaurin, kuma in nisanci cinyar jaririya. Auta ne ya kai ƙarata, munafuki.

Ranar baftisma Baba ya fita gaba riƙe da takwarar Mama, ya amsa duk abin da aka tambaye shi da murya mai ƙarfi. Da aka zo layin nan na kasa kunne. Ya rufe bakinsa, ya zuba wa yarinyar ido, bai yi tari ba. Jama'a suka faɗa, ni kuma na ɗaga murya na faɗi na mutum biyu. Rufi bai faɗo ba, babu ko wanda ya waiwaya. Abin da matan zumuntar coci suka lura da shi kawai shi ne tarin Baba ya warke, suka tare ni suna tambayar magani. Na ce Yayata ce ta aiko daga asibiti. Kin ga kin yi suna.

Kada ki tambaye ni wa ke da gaskiya tsakaninsu. Baba bai canza ba, Fasto bai canza ba, yanzu duk mako sai ya leƙa shago sun taɓa gardama, har ya fara iya riƙe guduma. Ni dai ina nan kan bakana, akwai ranar haɗuwa, kuma zan ga Mama, zan kuma ga matar takalmin biki.

Ga abin da na ajiye miki na ƙarshe. Da aka koma zama, matar Auta ta tsaya da jaririya tana neman wuri, benci duk ya cika. Ina kallo Baba ya miƙa hannu ya ɗauke hularsa daga wurin Mama, ya ɗora ta a gwiwarsa, ya ɗan bubbuga katakon. Ta zauna. Ni ce na koma tari, don kada a ga ina kuka.

Ki gaida maigidan da yara. Baba ya ce in gaya miki ki daina ɓata kuɗinki kan magani, ki zo da kanki ki ga yarinyar, hancin Mama ta ɗauko.

Taki mai ƙaunarki,
Uwar Ciniki