Na Kwance Ɗamara Saboda 'Yar Falanko

Zuwa ga Lantana 'yar Mato, ruwan farkon damina, inuwar gawo a tsakiyar rani, madarar safe wadda ba a surka ba, mai bakin da ya fi barkono zafi, mai idon da ya fi bakin mugunta! Gaisuwa daga Manzo na Damagaram, wanda kika raɗa wa suna ɗan haya. Kai kuma mai karanta mata, sassauta murya, ba da kai nake ba.

Kin tuna kakar bara a filin kokawar garinku Falanko? Mutanen Tarka sun gaji da shan kaye a hannun Falanko, suka aika har Damagaram aka ɗauko ni, aka yi ta ɗura mini fura kamar ragon layya, aka ce in tsaya musu. Na tsaya. Yayanki Ila ya shigo, ganguna na kiran kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa makaɗan ko sunan ubana ba su sani ba. Kafin a ce haka, bayansa na ƙasa. Ina tsalle ina kirari sai na ji ɓawon gyaɗa cike da tafi a fuskata. Na waiga, ashe ke ce, kin riƙe ƙugu kina cewa a je a tambayi Tarka ko matansu sun daina haihuwar maza ne. Wayyo ni Manzo! Ƙarti nawa suka nemi gwiwata suka rasa, yarinya guda ta kai ta ƙasa ba ta ko taɓa ni ba.

Sau nawa na tako zuwa rijiyarku ina cigiyar akuyata, ni da ban taɓa mallakar akuya ba? Kin sani sarai, muguwa, amma kullum sai ki tambaye ni kamanninta. Ran da na manta na ce baƙa bayan na taɓa cewa ja, kika yi dariya har guga ya kuɓuce miki, sannan kika ba ni ruwa da hannunki. Wallahi tun ranar ban ƙara shan ruwa na ƙoshi ba.

To, saƙonki ya iso ta bakin ƙawarki Kulu. Ranar Juma'a za a sake haɗa ni da Ila. In na kayar da shi, kada in ƙara taka ƙofar gidanku. In kuma na faɗi da gangan, ba ki auren maƙaryaci. Haba Lantana! Ko Nasaran bariki in ya ɗora wa mutum kaya, yakan bar masa hanyar da zai bi. Ke kin ɗora, kin kuma toshe gaba da baya. Kwana uku tuwo ya ƙi wuce mini, har mai masaukina ya fara nema mini magani.

Abin haushin, kina da gaskiya da kika kira ni ɗan haya. A Tarka akwai wani Buba, ɗan gari, manomi, ƙirji kamar ƙofar rumbu. Filin nasa ne kafin a kawo ni. Kullum yana gaishe ni da ladabi, idonsa kuwa na roƙon Allah in karye. Da na kayar da Ila mutanen Tarka sun yi ihu, amma ba tsohuwar da ta yi kuka don murna, don ba wadda ta goya ni. Yayanki da ya faɗi, garinku duka ya kakkaɓe masa baya. Na yi kishinsa ranar, ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Saboda haka buɗe ƙunshin da ya zo da takardar nan. Ɗamarata ce da layunta duka, wadda ban taɓa shiga fili ba tare da ita ba. Na kwance. Jiya na durƙusa gaban mai garin Tarka na ce su sa ɗansu. Abin da ya kira ni, Malam Attahir mai rubuta mini wannan ya ce alƙalaminsa ba ya ɗauka. Buba da Ila su kama juna, ƙasa ta zaɓi nata. Kada ki tambaye ni wace ƙafa ce ke yi wa Buba ciwo, na ci tuwonsu, ba zan faɗa ba, ko da kin yi mini wannan kallon naki na gefen ido.

Ya sanyin raina, ban iya noma ba, kuma an riga an fitar da tabarmata waje. Ranar Juma'a zan zo in tsaya cikin 'yan kallo, ba gari, ba ganga, ba mai kiran sunana. Tsoro nake ji, na rantse, irin wanda ban taɓa ji a fili ba. In kin ɗan matsa kin ba ni wuri kusa da ke, na samu gida. In kin ƙi, nan bayanki zan tsaya, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, har ki gaji ki waigo.

Naki ke kaɗai, har ranar kayen da ba a tashi,

Manzo