Fuskar Barewar Baba

Zuwa ga Yayana Eusebio,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Amurka. Allah ya kiyaye ka a kan rufin gidajen da kake hawa, ya sa sanyin ƙasar bai taɓa maka ƙirji ba. Mu nan kalau muke. Masara ta yi kyau bana, Micaela matata ta tashi daga zazzaɓin da ta yi. Inna kuwa idonta sai ƙara dushewa yake, amma bakinta yana nan yadda ka san shi.

An yi bikin Waliyyi Toma lafiya an gama, kuma a kansa nake so mu yi magana. Ka san tun da Baba ya rasu fuskar barewar nan ta katako da yake sawa yana rawa da ita tana cikin akwatin Inna. Bana dattawan da ke kula da waliyyin suka zo har gida suka ce ni zan tsaya a gurbin Baba. Yaya, na yi murna har na kasa cin abinci. Na yi azumin da ake yi, na ƙaurace wa shimfiɗar matata kamar yadda aka gada, na kunna kyandir a kan dutse da cikin coci. Da na je na roƙi Inna fuskar, sai ta ce ai ta babban ɗa ce, tana ajiye maka har ka dawo. Na ce mata ni ne fa nake share kabarin Baba, ni nake goya ta zuwa asibiti. Ta ce ta sani, Allah ya yi mini albarka, amma fuskar taka ce. Haka na tafi wurin masu ba da hayar kayan rawa na karɓo wata mai karyayyen ƙaho, sai warin gumin wani take yi.

Ba zan ɓoye maka ba, kishinka nake ji, kuma ya daɗe yana cina. Kai da ko takun farko na rawar ba ka iya ba! Ka tuna Baba yana cewa kana taka rawa kamar mai kashe tururuwa? Amma ka kira waya sau ɗaya, Inna ta yi mako tana ba maƙwabta labarin muryarka. Ni da nake kawo mata kunun masara kullum da safe, sai dai ta ce ya yi ruwa.

Ranar bikin aka fito da mutum-mutumin waliyyin a kafaɗa, hayaƙin turare ya cika hanya, masu marimba, abin kiɗan nan na jeren katako, suna kiɗa. Inna ta sa aka fitar mata da kujera ƙofar gida, ta ɗora fuskar Baba a wata kujerar kusa da ita, wai don ka ga biki kai ma. Da muka iso layinmu, haushi ya sa na saki jiki na yi juyin nan na Baba, wanda yake duƙawa ya kaɗa kai sau biyu kafin ya yi tsalle. Kawu Anacleto ya ce wa na kusa da shi, ga jinin marigayi nan ya dawo. Inna ta ji. Ta miƙe ba sanda, ta ratsa mutane, ta rungume ni a tsakiyar hanya tana kuka tana cewa, "Eusebio, ɗana, ashe ka zo!"

Ka san mai rawa ba ya magana, ba ya cire fuska sai an mayar da waliyyi ɗakinsa. Don haka na tsaya ƙiƙam, tana shafa bayana, tana cewa na rame, ƙasar mutane ba ta karɓe ni ba. Har masu marimba ma suka sassauta kiɗa. Micaela ce ta zo ta janye ta a hankali. Da yamma da na shigo gida ba fuska, Inna ta gane ni ne ta runguma, sai kawai ta tambaye ni ko na ɗaure akuya.

To Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ko dai ka zo baɗi ka sa fuskarka ka yi rawar, ko da ta kashe tururuwa ce, ko kuma ka kira Inna ka gaya mata da bakinka cewa ka bar mini. Daga gare ka kaɗai za ta ji. Kada ka aiko da takalma ko agogo a madadin amsa, ba su nake nema ba.

Ka gaishe da matarka Nicolasa da yara. Kawu Anacleto da Goggo Petrona suna gaishe ka, Micaela ma haka. Inna ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Rungumar da ta yi maka kuwa tana wurina. Tun ina yaro ba ta taɓa riƙe ni haka ba, shi ya sa ban yi saurin zamewa ba.

Ƙaninka da ke gida,
Casimiro