Ranar da Umma ta Rufe Rumfar Kifi

Seoul, 4 ga Mayu

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ciwon gwiwa? Na kira ki sau uku ba ki ɗaga ba, shi ya sa na rubuto.

Goggo Ok-bun ta ce ranar Talata kin rufe rumfar kifinki, kin hau jirgin ruwa zuwa Japan, tsibirin Tsushima. Wai kuma ba ke kaɗai ba, da wani namiji mai malafa. Umma, shekara biyu kacal da rasuwar Baba. An ce duk kasuwa zancen ake yi. Ki gaya mini ba haka ba ne.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Hye-won

Busan, 9 ga Mayu

Hye-won 'yata,

Na gaishe ki, ki gaida mijinki. Gwiwa da sauƙi. Goggonki ba ta yi ƙarya ba, sai dai malafar tawa ce, aro na ba shi saboda sanƙonsa.

Sunan mutumin Gu Man-sik, mai kawo mana ƙanƙara. Kin san shi. Shi ma matarsa ta rasu.

Da hantsi muka isa. Muka hau wani tudu inda ake hango Busan ta tsallaken ruwa. Shekarata sittin da takwas a garin nan, ban taɓa ganinsa daga waje ba. Ashe ɗan mitsitsi ne. Na ce, "Yanzu bakin mutanen cikin wancan ɗigon nake tsoro?" Man-sik ya ce, "Ke? Ai ke suke tsoro."

Da rana muka ci taliya da gasasshen kifi. Na ɗanɗana, na nuna wa mai abincin da yatsu cewa kifin ya kwana biyu. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma ta fashe da dariya, ta koma ta gaso mana na ranar.

Daga nan muka kama hayar ɗakin rera waƙa na awa ɗaya. Muryar Man-sik kamar ana jan buhu a kan siminti, amma bai ji kunya ba, har rawa ya taka. Rabona da irin wannan dariya tun kafin Babanki ya kwanta ciwo.

A hanyar dawowa ya yi ta murza malafar yana kame-kame. Na ce, "Malam, in aurena kake so, faɗi. Jirgi ya kusa tsayawa." Ya ce, "Shi ne." Na ce na yarda.

Shekara bakwai na yi ina jinyar mahaifinki, ban taɓa ƙosawa ba, kuma ke shaida ce. Ba izini nake nema ba. Amma ba zan sa rana ba sai kin zauna kin ci abinci da shi, don ke kaɗai gare ni.

Ki kula da kanki.
Mahaifiyarki, Bok-rye

Seoul, 15 ga Mayu

Umma,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki, na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Zan zo ranar Asabar a jirgin ƙasa na safe. Ban yi alkawarin komai ba, amma ku zo tasha tare. Abu ɗaya nake roƙo: hoton Baba da ke falo, a bar shi inda yake.

Sai na zo.
Hye-won