Yayan Mijina da Kwandensar Motata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji har ban san ta ina zan fara ba.

Ni malamar makaranta ce. Ina da wata tsohuwar mota, ta girmi 'yata nesa ba kusa ba, amma injinta lafiya lau. Esinta, wato na'urar sanyaya iska, shi ne ya hana ni sakat. 'Yar tawa tana da asma, hanyar makarantarmu kuma kullum cunkoso, manyan motoci na ta feso hayaƙi. In na rufe gilas mu dahu, in na buɗe ta hau tari. Makon jiya sai da na gangara gefen titi, ina laluben abin shaƙar maganinta a jaka, ita kuma ta dafe ƙirji, rigarta sharkaf da gumi.

Mai gyara mana esin yayan mijina ne, muna ce masa Yaya Babba. Da wannan sana'ar ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, har ya gama karatu. Duk sanda sanyi ya ɗauke sai in kai masa. Ya ciro kwandensa, abin nan mai kama da lagireto a gaban mota, ya liƙe inda ke yoyo, ya ɗura gas, ya shafa bonet yana cewa ta koma amarya. Mu ɗan kwana biyu muna shan sanyi, sai iska mai ɗumi ta dawo. Asabar ɗina duk a bencin garejinsa take ƙarewa, ina duba aikin ɗalibai a kan cinya. Ba ya karɓar komai, har lemo yake sayo mini. Kuma Anti, idonsa ya fara rauni, na ga da yatsu yake lalubo noti.

Wata abokiyar aikina ta kai ni wajen wani mai gyaran. Ya ce kwandensar ta ruɓe, liƙi ya daina kama ta, sai dai a sa sabuwar ƙira wadda ta fi fitar da zafi. Da na ɗan gwada wa Yaya zancen, dariya ya yi, wai kayan yanzu kwali ne. Maigida kuma ya ce in yi haƙuri. Wai tunda samari suka buɗe gareji a layin, masu zuwa wajen Yaya sun janye, motata ce ke sa shi buɗe akwatin kayan aiki. In na kai ta wajen wancan mai gyaran a ɓoye, ranar da Yaya ya ɗaga bonet zai gane. In na zauna, tarin yarinyar nan nake ji har cikin barci. Ya zan yi?

Mai gajiya a bayan sitiyari

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya.

Yaya Babba mutumin kirki ne, kuma kunyar da maigidanki ke ji halacci ce, kada ki raina ta. Amma numfashin yarinya ba abin yi wa kara ba ne. A canza kwandensar nan cikin makon nan.

Kada ki kai a ɓoye. Abin da zai ƙona wa Yaya rai shi ne ya gane an zagaye shi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Maigidanki ne zai je, ba ke ba, ya faɗa masa abin da ya faru a gefen titi ba tare da ragi ba. Na tabbata Yaya bai san abin ya kai haka ba. 'Yarsa ce ita ma. Sannan maigidanki ya roƙe shi ya jagoranci aikin: shi zai raka ku sayen sabuwar, ya auna ta dace da gurbinta, ya tsaya a kan mai ɗaurawa. Ku tabbata an canza diraya, wato matatar gas ɗin, an wanke bututai, an duba fanka, an gwada yoyo kafin a ɗura gas. In ba haka ba, sabuwar ma wahala za ta sha.

Sauran gyare-gyaren da ba na gaggawa ba, ki ci gaba da kai masa. Maigidanki kuma ya lallaɓa shi zuwa asibitin ido.

In Yaya ya ƙi yarda a canza kwandensar fa? Ki kai motar a fili, da sanin maigida, sannan ki je ki gaishe shi kamar kullum. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Fushin babba yana hucewa in ya ga ladabi.

Kafin nan, abin shaƙar ya zauna inda hannu zai kai, kuma ki sanar da likitan yarinyar. Allah ya ba yarinya lafiya, ya ƙara wa Yaya ƙarfin ido, ke kuma ya hutar da ke.