A Tuɓe wa Kwamfutar Gundumarmu Rigarta

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin gundumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kuma fankar ofishinka, wadda na ji an ce ba ta taɓa fashin aiki ba. Sunana Isuhu, mai amalanken shanu da ke kai wa mutane gero kasuwa. Na yi ta sintiri a ƙofarka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuta a fili, kowa ya karanta.

Ga abin da ke tafe da ni. Ɗiyata Ramatu za ta zauna jarrabawar fita kwaleji bana, kuma ita ce ta farko a gidanmu da ta kai nan. Darektan makarantarsu ya ce sai an kawo sabuwar takardar haihuwarta kafin ya haɗa takardun 'yan jarrabawa ya aika Dosso, wanda bai kawo ba kuwa sai baɗi. Takardar nan kwamfutar ofishinku ce ke fitar da ita. Ita kuma kwamfutar, kullum rana ta take sai ta suma.

Na farko, maganar riga. Ranar da aka kawo na'urar nan an yi kiɗa, an yanka rago, ni ma na ci. A wurin bikin ne matan da ke goyon bayanka suka ba ta kyautar riga ta atamfa mai hotonka a gaba, da soso a ciki don kada ƙura ta taɓa ta. Tela ya yi aiki, ba ƙarya, domin rigar ta rufe akwatin na'urar ruf, har da ramukan da iska ke shiga. Sannan aka cusa shi lungun tebur, aka manna shi da bango, a ɗakin da rufinsa kwano ne. Ranka ya daɗe, shanuna ma in rana ta yi nakan kwance su in kai su gindin gawo.

Na biyu, maganin da ake yi mata. Da sanyin safiya takan yi aiki lafiya lau, amma mu mutanen ƙauye kafin mu shayar da dabbobi mu iso, layi ya kai bakin titi. Can sai ka ji ta fara gurnani, allon ya yi baƙi ƙirin. Baba Gado, mai gadin ofishin, ya ce ai ba sai an tambaya ba: "Abin da ka faɗuwa da rana tsaka, doguwa ce ta hau shi." Ya kawo kasko cike da garwashi, ya zuba turare, ya tura ƙarƙashin tebur dab da akwatin. Nan take wani saurayi ɗan kasuwa da ke cikin layi, Malam Nasiru, ya tashi ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, shi dai a bar shi ya yi mata addu'a. Suka yi ta musu har aka kira azahar, mu muna shaƙar hayaƙi, sakataren ofishin yana fifita da kwalin takardunmu. A cikinsu babu wanda ya ɗaga riga ya leƙa.

Na uku, an dai kira mai gyara daga Dogon Dutsi, wani Abdu, ya iso kan kabu-kabu da jakarsa. Ina wurin ranar, a idona aka yi. Ya zare rigar, ya taɓa ƙarfen, ya janye hannu da sauri. Ya yi mana bayani dalla-dalla: a cikin akwatin akwai ɗan ƙarfe wanda shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, in yana aiki zafi yake yi, kuma akwai 'yar fanka a kansa da ke fitar da zafin. In aka toshe mata hanya, sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wato duk ofishin nan ita kaɗai ce ke da hankalin sanin ta gaji. Ya buɗe cikinta ya hure ƙurar da ta dunƙule kamar auduga, ya shafa wa ƙwaƙwalwar sabon man da ke ɗauke mata zafi, ya janyo akwatin daga bango ya ɗora a fili. Ya ce a bar shi tsirara, a riƙa share shi, a samo masa fanka. Ya hau kabu-kabunsa ya tafi.

Wallahi sai ga aiki yana gudu. Rana ta take, na'ura ba ta ko yi tari ba. Takardu suna ta fita, mata suna ta guɗa a waje, layi yana matsowa, har ya rage saura mutane kaɗan a gabana. Na ji zuciyata ta yi fari.

Sai muka ji ƙarar motarka.

Sakatare ya zabura kamar wanda kunama ta harba. Ya wawuri rigar ya zura wa akwatin, ya gyara hotonka ya fuskanci ƙofa, ya mayar da shi lungunsa. Ka shigo, ka ɗaga mana hannu, ka dubi hotonka ka yi murmushi, ka wuce ɗakinka. Na roƙi sakatare ya cire rigar tunda ka wuce. Ya ce mini, "Isuhu, mi kake so in yi? Magaji na cikin gida, ni in tuɓe mashi huska in yada bisa kujera? Gobe a ce na koma adawa." Da layi ya zo kaina, ya rubuta sunan Ramatu, yana cikin rubuta nawa, allon ya ɗauke. Baba Gado ya ce ai dama ya faɗa, ya tafi neman garwashi.

Tun ranar rigar tana jikinta, don kuwa kana gari. Na yi fushi, ranka ya daɗe, kuma har yanzu ban huce ba. Darekta ya aiko cewa kasuwar da ke tafe ita ce iyakar haƙurinsa.

Don haka ina roƙo. A raba na'urar nan da kaskon Baba Gado. A ara mata fankarka ko da daga hantsi zuwa la'asar ne, kai kana da tagogi. Babban roƙona kuma, ka taso da kanka ka tuɓe mata rigar da hannunka, a gaban sakatare, tunda duk gundumar nan kai kaɗai ne za ka taɓa hoton nan ba a ce ka bar jam'iyya ba. In ana so a riƙa ganinsa, zan zo da ƙusa da guduma in kafa shi a bango, kyauta.

Jiya Ramatu tana bitar darasinta a zaure, sai ta rufe littafin ta ce, "Baba, in ci gaba da karatun ko in bari sai baɗi?" Na ce ta ci gaba, Magaji mutumin kirki ne, bai sani ba ne. To yanzu ka sani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya maka duniya da lahira, ya ba ka ikon tuɓe riga ɗaya kafin ranar kasuwa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isuhu mai amalanke, mahaifin Ramatu