Kallon da Mai Zane Ta Nema

Litinin, 3 ga Maris
An turo mana wata mai zane gidan namun daji. Za ta zana goggon birin da nake kula da shi, wanda muke kira Maigida, wai don duniya ta ga baƙin cikin dabbar da ke kulle. Shi kuwa yana kishingiɗe jikin Uwargidansa, ciki ya ɗauka, har da hamma. Ta ce, "Baba, ba ya ɗan yin tagumi ne?" Na ce, 'yata, ga mata ga ƙoshi, tagumin me?

Laraba, 5 ga Maris
Ta yaga takarda ta tafi. Wai ya cika walwala.

Asabar, 8 ga Maris
Dabarar tawa ce, kada manaja ya ci ladan. Na ja Uwargida zuwa kejin baya, mai rufin kwano, na datse. A tatsuniyar kakata biri ke yi wa kowa wayo, yau ga matar biri ta bi ayaba. Maigida ya riƙe ƙarfuna, ya kafe ƙofar baya da ido, ko ƙiftawa babu. Mai zane ta ce, "Ka gani, Baba? Daji yake tunawa." Na ce ƙwarai. A kejin nan aka haife shi.

Alhamis, 13 ga Maris
Mai zane ta roƙi ƙarin lokaci, idanun ba su zauna mata ba tukuna. Na ƙara. Kejin kwanon nan da rana kamar tanda. Uwargida ta daina kira.

Asabar, 15 ga Maris
Na fitar da gawar Uwargida a baro, na rufa mata buhu. Manaja ya ce tsufa ne.

Talata, 25 ga Maris
An rataye zanen a ɗakin baje koli. Mutane na share hawaye a hankali kada kwalliya ta ɓaci. Wani mai tabarau ya ce masu irin aikina ba su da zuciya. Mai zane ta nuna ni, ta ce, "Ban da wannan Baban." Aka tafa mini. Ba ta tambayi Uwargida ba, ni ma ban ɓata mata rana ba. Na sha lemona.

Lahadi, 6 ga Afrilu
An gama zane, shi Maigida ba a gaya masa ba. Yana nan riƙe da ƙarfuna, ido a ƙofar baya, ƙuda na bin abincin jiya. Yau ba ni da aiki. Hanya ce dai ta biyo da ni, na zauna jikin kejin don inuwa, na ba shi ƙeya. Can na ji yatsu cikin furfurata, yana tsinta. Ba ni da ƙwarƙwata. Na dai ƙyale shi.